Jagorar marowaci: riƙi lambar da ba ta rabuwa

Maigida, idan duk abin da ka shigo da shi daga kasuwar IBB sai an kasa shi kashi-kashi tun kafin ka cire takalmi, kwantar da hankalinka, masana lissafi sun daɗe da tanadar maka mafita. Akwai lambobin da ba sa rabuwa daidai, sai dai mutum guda ya kwashe duka, ko a bi su ɗai-ɗai: 2, 3, 5, 7, 11, 13, har illa masha Allahu.

Fara da goro. Kul ka sayi ƙwarya cur, domin 100 tana rabuwa gida 2, 4, 5, 10, kowa ya zo ya samu. Nace wa mai goro ya yi maka gyaran ƙwaya ɗaya, ya zama 101. Uwargida da amarya su wuni suna kasawa.

Duk lamba babba da ta ƙare da 0, 2, 4, 5, 6 ko 8, ba taka ba ce. Sannan tara alƙalumanta, in jimlar ta rabu gida 3, ita ma jefar. Hattara da munafukai! Ka ga 91 a fuska kamar mutuniyar kirki, alhali 7 sau 13 ce. Ita kuwa 1,001 ta fi ta sharri: 7 sau 11 sau 13, wato ko 'ya'yanka bakwai ne, ko sha ɗaya, ko sha uku, an cinye ka. Riƙi 997. Wajen gwada ta ba sai ka wuce 31 ba, tunda 32 sau 32 ya riga ya haura ta. In kana tantama, Cibiyar Lissafi ta Ƙasa tana nan Sheda, ta wajen Kwali, kuɗin mota ne kawai, kodayake na san nan ma da magana.

Lambobin da ba sa rabuwa kuma ba za su ƙare ba, Yuklid na Iskandariyya ya tabbatar da haka sama da shekara 2,000 da suka wuce. A Oktoban 2024 wani Ba'amurke, Luke Durant, tsohon ma'aikacin Nvidia, ya tono wata ƙatuwa: jera 2 har guda 136,279,841, ninka su da juna, cire 1. Alƙalumanta 41,024,320. In surukinka ya tambayi nawa gare ka, soma karanto masa ita, alƙalami ɗaya kowace daƙiƙa. Zai kwana sama da 470 a zaurenka, ka dai tabbata ba a kawo masa tuwo ba.

Bankuna sun riga ka gane dabarar. Ninka irin waɗannan manyan lambobi biyu abu ne mai sauƙi, warware su kuwa ko kwamfuta sai ta yi gumi, kuma da haka ake kulle sirrin katin da kake miƙa wa mai POS.

Abu guda ne lissafi bai yi wa magani ba: gwaggo. Za ta dubi goron nan 101 ta ce, "Kai ɗan nan, a ba kowacce hamsin, ɗayan kuma miƙo shi nan."