Na Biya Dala Don In Ga Dala

Kawuna dillalin dabbobi ne a kasuwar Maigatari. Ya fi shekara 40 yana shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa duk ranar Alhamis, kuma a iya sanina sau ɗaya tak aka taɓa cin sa a ciniki, ranar da ya bari na yi cinikin a madadinsa. A Alƙahira ne abin ya faru, a 2023, lokacin da na raka shi aikin yanar ido.

Aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi. Likita ya ce mu ɗan dakata kafin mu hau jirgi. Da aka cire bandeji sai Kawu ya fara ganin abubuwan da ya daɗe bai gani ba: ƙurar da ke kan fanka, furfurar da ta fara fito min a gemu, da lissafin otal. Wata safiya ya ajiye kofin shayi ya ce, "Kai ɗan boko, abu ɗaya nake so kafin mu koma. Gawar Fir'auna. Tun ina almajiri nake jin labarinsa a wajen tafsiri. Tunda Allah ya buɗe min ido a garinsa, sai na gan shi a kwance."

Akwai wani ɗalibin Azhar, ɗan Damagaram, da yake mana tafinta a asibiti. Ya ce mu bari sai ranar da ba shi da darasi ya kai mu. Ni kuwa na ga kamar raini ne a ce babban mutum kamar Kawu ya bi yaro a ƙasa cikin rana. A teburin karɓar baƙi na otal akwai wata takarda mai sheƙi da ta daɗe tana hararata: mota taka kai kaɗai mai sanyi, direba, ɗan jagora mai jin Turanci, dalar Giza, gidan tarihi, har da abincin rana. Dalar Amurka 150 mu biyu. Na yi ciniki irin na ma'aikacin gwamnati, wato na ce "babu ragi?" aka ce babu, na zaro na biya. Da Kawu ya tambaya nawa, na ce 50. Ya yi salati ya ce an cuce mu.

Motar dai, tsakani da Allah, ba ta da makusa. Wanda bai taɓa ganin titin Alƙahira ba, ya ɗauki Kofar Wambai ranar jajiberin salla ya ninka ta, ya ba kowane direba hon biyu. Birni ne na mutum sama da miliyan 20, kuma da alama duk wuri ɗaya za su. Tsallaka titi a can sai da alwala. Muna zaune a baya, sanyi yana ratsa mu, Kawu ya ɗora baƙin tabarau na bayan aiki ya jingina kamar wani kwamishina. A wannan sa'a guda na tabbata na yi dabara.

Ɗan jagoran ma ya san aikinsa. Muna isa gindin babbar dalar ya fara zuba bayani, ina juyawa Kawu da Hausa. Sarki Khufu ne ya sa aka gina ta, sama da shekara 4,500 ke nan. Tsayinta na asali mita 146, tubalan dutsen da ke jikinta kimanin miliyan 2.3, kuma ta shafe dubban shekaru babu ginin da ya kai ta tsawo a duniya. Kawu ya ɗaga kai har hularsa ta nemi faɗuwa.

"Me ke ciki?"

Na tambaya. Akwatin dutse ne, wayam.

"Fir'aunan fa?"

Ba ya nan.

Ya jinjina kai. Ya ce shi yana yaro ya ga dalar gyaɗa a Kano, kuma waccan ko ba komai buhun da ka zare ka san akwai na ƙuli a ciki. "To me muka zo yi a nan?" Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, tarihi ne." Ya ce tarihin ai ya gani, a kai shi wajen gawa.

Kafin gawa sai da aka bi ta kan raƙumi. Tun da muka sauka masu talla suka yanyame mu, wannan da rawani, wancan da ɗan gunkin dutse, ɗan jagoranmu yana korar su da hannu ɗaya kamar mai korar ƙuda daga kan nama. Na ce a raina, ka ga amfanin biyan kuɗi. Can sai ya yafito wani mutum guda da raƙuma biyu. Kawu ya taɓa ni da gwiwar hannu. "Waɗancan ya kore su, wannan ya kira shi. Ka lura?" Ban lura ba. Hankalina yana kan hoton da zan sa a Facebook.

Mai raƙumi ya ce hawa kyauta ne, hoto kawai. Kawu bai ko kalle shi ba. Ya zagaya dabbar, ya ɗaga mata leɓe ya duba haƙora, ya matsa tozo, ya leƙa tafin ƙafa, ya ce da ni wannan a Maigatari sai mahauta. Sannan ya ɗare kamar wanda aka haifa a kai. Ni kuwa, da nake jikan masu raƙuma amma ɗan ofis, na manta cewa raƙumi da ƙafafun baya yake fara tashi. Sai kawai na ji ƙasa ta nufo fuskata, na rungume sirdi na saki wata ƙara da ban san ina da ita ba. A daidai nan aka ɗauki hoton.

An ja mu taku kamar 30, aka tsaya. Na ce to, a sauke ni. Mai raƙumi ya yi murmushi ya goga babban yatsa da manuni. Ashe hawan ne kyauta, sauka da kuɗinta. Na waiga neman ɗan jagora, na hango shi can nesa ya juya baya yana amsa waya. Kawu kuwa ya sunkuya ya kama akala, ya ja ta ƙasa, ya yi wani sauti a maƙogwaro, ya daki kafaɗar raƙumin da dunduniya. Dabba ta gurfana. Ya sauko ya kakkaɓe riga. Na gwada yin yadda ya yi, nawa ya juyo da wuya ya kalle ni yana tuƙa, irin kallon da shugaban ofis yake wa mai neman rance.

Nan Kawu ya shiga ciniki, da Larabcinsa na zaure, shi kuma mutumin da nasa na Masar wanda yake mayar da jimun "ga". Kayan da ake ciniki a kai ni ne. Mutumin ya faɗi kuɗi, Kawu ya yi dariya ya ce albarka. Ya rage, Kawu ya juya ya fara tafiya. Ina sama ina kira, "Kawu! Kawu, don Allah!" Ya waiwayo ya ce wa mai raƙumi ya riƙe ni in yana so, amma ya sani ina cin abinci sau uku a rana kuma ban iya aikin komai ba. Ban san nawa aka sallama ni ba. Na dai ga takarda ɗaya ta fam ta wuce, kuma Kawu ya ce ko a haka an yi tsada.

Abul Haul, gunkin nan mai kan mutum da jikin zaki, minti 10 muka yi a gabansa. Ɗan jagora ya ce labarin da ake yi cewa sojojin Napoleon ne suka harbe masa hanci ba gaskiya ba ne, don akwai zanen da aka yi kafin zuwansu da ya nuna shi ba hancin. Kawu ya ce Allah ya kyauta.

Daga nan aka ce za a kai mu "gidan tarihin takarda". Gidan tarihin nan kowane abu a cikinsa da farashi a manne. An ba mu kujeru, aka kawo wani jan abin sha da sunan karkade, Kawu ya kurɓa ya ce, "Zoɓo ne." Wata budurwa ta nuna mana yadda ake yanka karan bardi, a jiƙa, a jera shi gicciye, a danne ya zama takarda. Abin sha'awa ne, kuma minti biyar ya ishe shi. Sauran minti 40 ɗin na kallon bango ne. Na fito da sunana a rubuce da rubutun Fir'auna: tsuntsu, maciji, da wani abu mai kama da ludayi. Sai shagon turare, inda aka shafa min kala 12 a hannu ɗaya har na daina banbance su da warin raƙumi. Na sayi kwalba uku. Sai shagon auduga.

A kowane shago, da zarar na biya, sai ɗan jagora ya ce mu jira shi a mota zai ɗan yi alwala. A na uku Kawu ya ce, "Alwala uku ke nan, ban ga salla ko ɗaya ba. La'ada yake karɓowa, ɗan boko. Dillali ne. Direban ma da nasa kason. Mu ne shanun."

Abin mamaki, babu fushi a muryarsa. Yabawa yake, irin yabon da maƙeri yake wa aikin wani maƙerin. Abu ɗaya ne bai gamshe shi ba: shi a sana'arsa, mai saniya ya san akwai la'ada, mai saye ma ya sani. Wannan kuwa ya karɓa a hannuna da safe, yana karɓa a bayan shago da rana, to wa yake wa aiki? Kafin in amsa ya buɗe ƙofa ya sa aka mayar da mu shagon turaren. Ya nuna ni da yatsa ya shaida wa mai shago cewa shi ne ya kawo wannan mai sayen tun daga Nijeriya, saboda haka ina nasa? Mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki, ya miƙo masa 'yar ƙaramar kwalbar almiski.

Sai wajen uku da rabi muka isa gidan tarihin da ke dandalin Tahrir, jan ginin nan da aka buɗe a 1902. Aka ja mu da sauri zuwa wajen fuskar zinare ta Tutankhamun, yaron sarkin da aka gano kabarinsa a 1922. Da Kawu ya ji ta haura kilo 10 sai ya ɗan tsaya, na ga leɓensa yana lissafi. Sannan ya ce, "To, gawar."

Ɗan jagora ya buɗe hannuwa. Ai gawarwakin sarakuna ba sa nan. Tun ranar 3 ga Afrilun 2021 aka kwashe su, sarakuna 18 da sarauniyoyi 4, aka yi musu jerin gwano da motoci da kiɗa zuwa sabon gidan tarihi a Fustat. Can kuma ba ya cikin takardar da na biya. In muna so, gobe, da ƙarin dala 40.

Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Takarda ta ce "gidan tarihi", ni kuma ban tambaya wanne ba. Amma da ba a cinye mana sa'a uku a shaguna ba, da ko roƙo na yi. A ƙofar otal aka tsaya ana kallona, na gane saura bakshish, wato tukuici, na direba daban, na ɗan jagora daban. Ina lalube a aljihu rasit ya faɗo. Kawu ya riga ni ɗauka. Bai iya boko ba, amma lamba ko a mafarki. Ya cire tabarau ya duba 150 ɗin, ya duba ni.

"Idon nan fa an gyara shi," ya ce.

Bayan kwana biyu ɗan Damagaram ya zo. Ya sa mu a jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda tun 1987 yake aiki, na farko a Afirka. Muka sauka a Mar Girgis, muka yi azahar a masallacin Amru ɗan Asi, muka tari tasi zuwa gidan tarihin. Duk abin da muka kashe, har kuɗin shiga da goron da Kawu ya cusa wa yaron, bai kai kuɗin turarena ba. Sai dai kada in yi ƙarya: a jirgin an matse mu kamar kifin gwangwani, wani ya taka wa Kawu takalmi, kuma a kan matakala ya tsaya yana haki ya ce, "Ina motar shekaranjiya?" Da zan sake, motar da direbanta zan ɗauka da sa'a, in rubuta wuraren da hannuna, in ce ko shagon ruwa kada a tsaya sai na ce.

Zauren gawarwakin yana ƙasa, da duhu-duhu, ba a ɗaukar hoto, ba a ɗaga murya. Ga Ramsis na Biyu a cikin gilashi, wanda ya yi shekara 66 yana mulki, ya bushe kamar kilishi, da dogon hancinsa mai lanƙwasa da 'yan silin gashi ja-ja a ƙeya. Ga ɗansa Merneptah. Yaron ya ce a hankali wasu na cewa wannan ne na zamanin Annabi Musa, wasu na cewa wancan, kuma babu wanda ya zo da hujjar da ta rufe baki. Kawu ya ce ba komai, ya tsaya a kan kowannensu ya yi masa kallon tsaf. Ya daɗe a kan Ramsis, hannu a baya, bai ce uffan ba. Ban taɓa ganin ya duba wani abu haka bai taya ba.

Muna fitowa yaron ya ƙara da cewa a 1976 an ɗauki gawar Ramsis a jirgi zuwa Faris don a yi mata maganin wani fumfuna da ke cin ta. Kawu ya ce, "Ashe shi ma bai yarda da asibitin gida ba."

A hanyar komawa yaron ya ce akwai wani shagon jallabiya in muna so, kuma ya faɗa mana gaskiya, in muka saya ana ba shi wani abu. Kawu ya dafa kafaɗarsa ya ce a je. Ya sayi biyu.

Hoton nan nawa a kan raƙumi, baki buɗe, hula a karkace, yanzu yana wayar kusan kowane dillali a Maigatari. Watan jiya Kawu ya kira ni ya ce wani abokinsa mai shanu zai je Masar a duba masa gwiwa, yana neman wanda ya san gari, shi kuma ya ba da sunana. Har sun daidaita, dala 150. Talatin nasa ne.