Zakarun Gindin Bedi

A gindin bedin da muke fada a Isawan, daga la'asar zuwa kiran magariba, ba a kuskure a wasan petank. Ko an yi ma ba a ƙirga shi. A nan na ga mutum ya yi karo uku a jere, wato bul ɗinsa ta harbe ta abokin karawa ta zauna a gurbinta, kofin shayi a hannunsa na hagu, bakinsa na gardamar farashin wake. A nan ni kaina na taɓa ajiye bul ta jingina da bushon, 'yar ƙwallon da ake nufa, har sau biyar a wasa ɗaya, kuma akwai shaidu, ko da yake biyu daga cikinsu sun tafi cirani.

Sai kaka ta yi, a gama ɗaure hatsi, labari ya zo cewa za a yi gasar petank a Tasawa ko Mayahi. Mu yi karo-karon kuɗin mai, mu hau motoci biyu-biyu, kowa da ƙarafansa a cikin tsohuwar safa. Da isarmu sai a nemi hannayen nan na gindin bedi a rasa. Mutanen dai su ne, hulunan su ne, amma hannu ya tsaya a gida. Shekara da shekaru ina wannan tafiya, har na san kowa da irin hanyar da yake bi ya ɓatar da nasa.

Na farko shi ne mai ɗora wa ƙasa laifi, kuma abin haushin, yana da rabin gaskiya. Rairayinmu na jigawa mai yafiya ne. Ka jefa bul sama ta faɗo, sai ta zauna inda ta sauka kamar kaza a kan ƙwai. In harbi ne kuma ka gaza da taƙi ɗaya, ta ja yashi ta ƙarasa maka aikin. Filin birni kuwa marmara ce da aka daɓe, ga tsakuwa. Jifar da ke kwantawa a wurinmu can tana tsalle, ta bi ta kan bul ɗin da ka nufa, ta wuce gaida dangi a filin maƙwabta. Kowa ya san da haka tun kafin mu taso. Shi kaɗai ne yake gano shi sabo fil duk shekara. Zai durƙusa ya ɗebi ƙasar, ya murza, ya girgiza kai ya ce, "Wanga ba hili ba ne, hanyar mota ce." Mutanen da suka ci mu sha uku da biyu a kan hanyar motar nan suna tsaye suna jin sa.

Ƙanensa a uzuri shi ne mai sabon ƙarfe. Duk shekara nauyin bul ɗinsa ne bai yi ba. Bara giram 680 ta yi masa sakayau, bana 720 ta karya masa wuyan hannu. Doka ta ba da dama daga 650 zuwa 800, saboda haka yana da sauran shekaru masu yawa kafin dalilai su ƙare masa. Ya sa wani ɗan'uwansa ya aiko masa da ƙarafan Obut daga Yamai, ya ƙi taɓa su a gida don kada yashi ya kashe musu ƙyalli, ya fito da su a karon farko ranar gasa. Sun dai yi kyau a hoto.

Amma wanda na fi so a cikinsu, wanda kuma ya fi kowa cutata, shi ne malamin hannu. Kowace fada tana da nata. Namu ya yi aiki wata shida a Maraɗi ya dawo da babbar waya cike da bidiyo, tun daga ranar kuwa ba wanda ya sake jifa cikin kwanciyar hankali. Ba ya wasa. Kafaɗarsa ke ciwo, ta kuma fara ciwon ne a makon da aka fara rubuta maki a ƙasa. In ka tsokane shi a kan haka sai ya gyara zama ya karanto maka tarihi: ai wasan kansa saboda maras lafiya aka ƙirƙiro shi, a garin La Ciotat kusa da Marsai ta Faransa, a 1907, lokacin da ciwon gaɓoɓi ya hana wani Jules Lenoir zaburowa ya yi jifa, aka ce to kowa ya tsaya wuri ɗaya ƙafafu a kafe. Labarin gaskiya ne. Abin da malam ba ya kaiwa gare shi shi ne Lenoir ɗin nan, da ciwonsa da komai, jifa yake yi.

Yana tsayawa ne daidai bayan kunnenka. Ka shiga da'ira, ka daidaita numfashi, hannu ya fara komawa baya, sai ka ji: "Gwiwar hannu, ƙanena. Gwiwar hannu." Ka tsaya. "A'a, ci gaba, ban ce komi ba." Ka jefa ta ɓace. "Ka gani? Gwiwar hannu." In kuwa ta yi daidai, to ka fara jin magana ke nan. Ya san zakarun petank Philippe Quintais da Dylan Rocher kamar tare suka yi kiwo, har yana kiran su da sunan farko. Wata uku ya yi yana tilasta wa wani yaronmu ya kwaikwayi tsayuwar Rocher ƙafa da ƙafa, yaro na harbi yana karkacewa kamar amalanke mai taya ɗaya, kafin wani ɗan lakwal ya leƙa wayar ya ce, "Baba, ai wannan Bature bahago ne." Malam ya dubi bidiyon, ya dube mu, ya ce dama gwada mu yake ya ga mai lura.

Babban aikinsa sai daren tafiya. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, shi kuwa ranar ce kaɗai yake fafe nasa, da na mutane. Wata shekara ya same ni bayan isha'i ina wanke ƙarafaina, ya karɓi ɗaya, ya ce in nuna masa riƙona. Na nuna. Ya yi salati. Wai shekara goma sha ina wasa da babban yatsa a kan bul, alhali manya yatsu huɗu suke sa wa, babban ya tsaya gefe kamar baƙo a wurin rabon gado. Ya lanƙwasa mini wuyan hannu ciki, ya ce a haka bul za ta fita tana juyawa baya, ta ci birki da ta taɓa ƙasa. Wannan ma gaskiya ne, kuma da a watan bakwai ya gaya mini da na gode masa. Washegari a Tasawa na shiga da'ira da riƙo biyu a hannu ɗaya, tsohon bai tafi ba, sabon bai iso ba. Jifata ta farko ta tashi sama ta faɗo taku uku a gabana. Wani dattijo cikin 'yan kallo ya tambaya cikin ladabi ko a ƙauyenmu mita uku ake jefa bushon maimakon shida zuwa goma. Malam yana gefe, hannu a baya, yana gaya wa baƙi cewa ni ba ɗalibinsa ba ne sosai, na ɗan zauna ne a karatun.

Duk da haka ba ma tafiya babu shi. Shi ke riƙe mana jakunkuna, shi ya san inda ake sayar da tsire mai arha kusa da tasha, kuma in muka ci wasa ɗaya shi ke fara kuka.

Akwai mai gyaran rami. A gida kafin bul ɗin abokin karawa ta tsaya ya saki tasa. A gasa kuwa ya ji an ce doka ta ba kowa minti ɗaya, shi ke nan ya ɗauke shi gado. Ya taka zuwa bushon, ya dawo, ya koma ya cike rami da tafin ƙafa, ya dawo, ya goge bul da tsumma, ya hura mata iska, ya tsuguna, ya miƙe, ya sake tsugunawa. Kafin ya jefa hannun ya yi sanyi, ya manta abin da ya je dubawa.

Akwai mai awo da kara, wanda karansa ke tsawo in ya nufi bul ɗin abokan gaba, ya gajarce in ya nufo tamu. A gida ya ci mana wasanni da yawa. A birni alƙali yana da mita ta ƙarfe, shi ya sa ya ce gasar birni ba albarka. Akwai mai laya, da ya ga 'yan kokowa suna shiga fili da ɗamara ya ce shi ma sai ya ɗaura. Bai tuna ba cewa Kantu, wanda ya ɗauko wa Maraɗi takobin farko a Tawa a 1975, da ƙwanji ya je. Layarsa tana kama shi a hammata duk lokacin da ya ɗaga hannu. Akwai kuma masu bakin igiya, 'yan rakiya da ba su taɓa riƙe bul ba, rabi na ihu "Harba!" rabi na ihu "Ajiye!", in ka bi ɗaya ta ɓaci su haɗu gaba ɗaya su ce ɗayar suka faɗa. Dokin mai baki dai ya fi gudu.

Duk waɗannan nawa ne, ina cin tuwo da su. Mutum ɗaya ne ban iya yi wa dariya ba: mai kuɗin mai. Ba ya zuwa gindin bedi, ya fi ƙarfin zama a tabarma. Amma da an ce gasa sai ya zaro jaka goma ya ce na mai ne, sharaɗinsa ɗaya, shi ne maharbi. Sai a cire wanda ya yi wata biyar yana harbi kullum a ba shi wuri. Bari in bar wannan, kuɗinsa ne, kunyarmu ce. Abin da ya tsaya mini a rai wani yaro ne ɗan shekara goma sha shida da muka tafi da shi a matsayin mai ajiya, hannu mai sanyi irin wanda ba a samu sau biyu a gari ɗaya. Muna sha ɗaya da sha biyu. Yaro ya ajiye ta farko taƙi ɗaya daga bushon, aka harbe ta. Ya ajiye ta biyu ta ɗan gaza. Mai kuɗin mai ya harba biyu, duka biyun suka bi iska, ɗaya har ta kusa samun mai sayar da ruwa. Aka ci mu. Sai mutumin nan ya juyo, a gaban jama'ar gari guda, ya nuna yaron da yatsa: "Kai ka kashe mu! Wa ya ce a zo da jarirai?" Yaro ya sunkuyar da kai ya ce, "Ka yi haƙuri, Alhaji." Shi ya ba da haƙuri. Duk hanyar dawowa yana bayana a moto bai ce uffan ba, ina jin ƙarafansa suna bugun juna a cikin safa. Bai sake zuwa fada ba. Ni kuma da nake tsaye a wurin, na girme shi, na san wanda ya zubar da wasan, ban buɗe baki ba, saboda ina tunanin man shekara mai zuwa.

Mutum ɗaya na sani da hannunsa ke bin sa duk inda ya je, wani tsohon soja da ya yi ritaya ya dawo gida noma. Ba shi da daɗin kallo. Da sassafe yake fita shi kaɗai, ya nemi wuri mai tauri inda amalanke suka daɓe, ya zana 'yar da'ira kamar faifai, ya yi ta saukar da bul a cikinta. Ya ce idon mai ajiya ba a kan bushon yake ba, a kan inda bul za ta fara taɓa ƙasa yake. Yana ƙirga kuskurensa da tsakuwa a aljihu, abin da mu muka ɗauka rashin tawakkali ne. Ba ya yarda ya yi wasa ko na gida ba tare da an sa wani abu ba, ko da sukarin shayi ne, don hannu ya saba da jifa alhali zuciya na bugawa. Tsayuwarsa ɗaya, numfashinsa ɗaya, a gindin bedi ko a gaban mutum ɗari. Lokacin da aka yi gasar duniya a Kwatano a watan Satumba na 2023, mutanen Tailan suka ɗauke kofin 'yan uku-uku, mun yi ta mamakin yadda mutum zai taso daga wata uwa duniya ya sauka a ƙasar da bai taɓa takawa ba ya ci. Shi ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ce Madagaska ma ta ci a 1999, kuma bai ji an ce da ƙasar gidansu suka je a buhu ba.

Ni kuwa, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ciwona daban ne. Ba na zargin ƙasa, ba na zargin ƙarfe. Hannuna ne kawai yake gane baƙin ido. Da na ji fili ya yi tsit, sai tafina ya jiƙe, bul ta manne, in sake ta a makare. Na gwada tsumma, na gwada toka, na gwada kallon ƙasa. Abin da na ƙware a kai yanzu shi ne in ce wa abokin wasa, "Kai fara, yaya, ni zan rufe," da fatan kafin a zo kaina lissafi ya ƙare.

Bara, bayan an yi mana fani a zagayen farko, sha uku da babu, muka yi taro muka yanke shawara irin ta maza. Muka haɗa kuɗi, aka kawo amalanke huɗu na marmara, muka zuba gefen bedi, muka yayyafa ruwa, muka daɓe da turmi kwana biyu. Malamin hannu ya kula da aikin daga inuwa. Sati na farko kowa ya yi wasa a kai, kowa ya sha kunya a gaban 'ya'yansa. Sati na biyu wani ya ce rana ta fi bugun wajen. Na uku muka matsa taku goma muka koma kan yashinmu, karo ya dawo, shayi ya yi daɗi. Filin marmara yana nan. Tsohon soja na hawa shi da asuba, awaki kuma da hantsi.