Waken da Ya Tsiro Babu Ruwa

Kwalejin ilimi ba ta ba ka takardar NCE sai ta tura ka koyarwar gwaji, malaminka ya biyo sawu da takardar maki. Ni rabona ya faɗa wata firamare a ƙauyukan da ke tsakanin Dambatta da Makoɗa, inda gona ke manne da gona, babu ko ɗan dajin da zomo zai laɓe. Ni kuwa tashin Fagge ne, wake a faranti na san shi, da shinkafa da mai da yaji. Aka ba ni aji huɗu, darasin kimiyya.

Littafi ya ce a nuna wa yara abin da iri ke buƙata kafin ya tsiro. A shuka wake a gwangwani uku: ɗaya a ba shi ruwa da haske, ɗaya a hana shi ruwa, ɗaya a kulle shi cikin duhu. Wanda ya rubuta littafin bai yi tunanin zai faɗa hannun yaran da aka goya su a bakin kunya ba. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, buhunan da ke cika kasuwar Dawanau daga irin gonakin iyayensu suke fitowa, masana na IITA ma a Minjibir, nan kusa, suka kafa gonar gwajinsu. Amma maki nake nema, sai na ce kowa ya zo gobe da wake da gwangwani.

Wata yarinya ta ɗaga hannu. "Malam, Kanannado ko Ɗan Ila?" Na ce wake dai. Wani daga baya ya ce, "Malam, ai ruwa bai sauka ba." Watan Janairu muke, hunturu na kaɗawa. Na ce kimiyya ba ta jiran damina. Suka kalli juna.

Washegari na karɓi kaya. Akwai wanda ƙwari suka huda, akwai surfaffe, wata uwa ta aiko da dafaffe a ƙaramin kwano, wai a gaishe da Malam. Wani yaro ya miƙo ƙosai biyu a leda, ya ce shi ne waken da ya rage a gidansu. Muka tsince masu kyau muka shuka a gwangwanayen tumatir, na rubuta wa kowanne sunansa da alli. Masu ruwa muka jera a taga, na duhu ya shiga kabad ɗin ofishin hedimasta, marar ruwa na ajiye shi a kan katanga, da manyan baƙaƙe: BABU RUWA.

Dokar UBE ta 2004 ta ce karatun firamare kyauta ne kuma dole, amma ba ta ce komai a kan ƙyauren aji ba, namu kuwa ba shi da shi. A wannan yanki, da damina ake ɗaure awaki a turke saboda amfanin gona. Da an gama girbi, an ɗora harawa a kan bishiya da soraye, sai a sake su. Kowane ɗan aji huɗu ya san haka, babu wanda ya ga dalilin gaya wa mutumin da ba ya jiran damina.

Waken taga ya yi nawa saboda sanyi, amma ya fito, ganye bibbiyu gwanin sha'awa. Ranar da Hajiya, malamarmu ta kwaleji, za ta zo na yi sammako, na tarar da tagar fayau, sai wata jar akuya tana zagaya fili da gwangwani maƙale a baki, tana kuka ta ciki, rabin makaranta na bin ta da ihu. Na ruga ofis. Ɓera ya riga ni, ya bar mini ɓawo da shaidar zuwansa.

Saura na katanga. Shi kam ya yi kore shar, ya fi tsawon alli, har ya fara ganye na uku.

Hajiya ta zauna a bayan aji da takardarta. Na yi niyyar zagaye maganar, amma ita ta tambaya. "Yara, me kuka koya daga wannan gwaji?" Aji ya amsa da murya ɗaya, irin ta karatun haddar safe: "Wake ba ya son ruwa!" Yarinyar nan mai Kanannado ta ƙara da cewa wanda aka ba ruwa akuya ke cinyewa. Hajiya ta cire tabarau ta dube ni.

Ana haka sai ga Baba maigadi da butarsa, ya wuce kai tsaye wajen katanga, ya tsiyaya wa gwangwanin ruwa a gabanmu duka.

"Baba, me kake yi haka?"

"Abin da nake yi kullum da asuba, ɗana. Na ga an manta da shi. Har ɗan takin awaki na zuba masa."

"Ai an rubuta babu ruwa!"

"Haka jikana ya karanta mini. Na ce to, tunda babu, a kawo."

Hajiya ta sa mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. Ta daɗe tana rubutu, abin da ta rubuta sai ranar da sakamako ya fito na gani, ba kuma zan faɗa a nan ba.

Kafin a tashi mai akuya ya iso, gwangwanin ya ɗan yanke ta a leɓe. Hedimasta ya yi shari'a a gindin darbejiya. Na kawo ƙarar waken da aka cinye, ya ce da rani akuya ba ta da laifi, mai shuka ne ke yin shinge. Ni na biya kuɗin maganin.