Ɗan Gyara Ne Kaɗan, Injiniya

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina zana wa mutane gidaje a Haɗeja da kewaye, daga Malam Madori har Kafin Hausa, amma har yau ba wanda ya yarda ni ba injiniya ba ne. Na yi bayani har na gaji, yanzu amsawa kawai nake yi. Abin da na kasa sabawa da shi shi ne maganar da ke biyo bayan gaisuwa: "Injiniya, ɗan gyara ne kaɗan." Duk wanda ya faɗa maka haka, dubi hannunsa. In ka ga biro, to ranar ba ka cin abincin rana a kan lokaci.

Na farkonsu so yake a ɗauke banɗaki daga gabas a mayar yamma, "tunda a kwamfuta ne, ai dannawa kawai za ka yi." Bai san banɗaki ba ya ƙaura shi kaɗai ba. Bututu zai bi shi, sokawe zai bi shi, filar da ke riƙe da dekin ma sai ta nemi sabon mazauni. Ka ce akwai ƙarin kuɗi, ya kwashe da dariya: "Haba Injiniya, layi biyun?"

Ƙanensa shi ne mai hoto a waya. Ya ga wani gida na Dubai a TikTok, gilashi tun daga ƙasa har sama, yana so a dasa masa shi a rabin fuloti a Yankoli, fuskarsa na kallon yamma. Nakan ce ya dawo mu yi maganar a watan Afrilu, da azahar, bayan an ɗauke wuta.

Akwai ɗan majalisa, ba ta Dutse ba, ta bakin titi. Da rana ku gama magana, har ya sa hannu. Bayan isha'i ya shimfiɗa zanen a tabarma, kowa ya haska da fitilar waya. Mai shayi ya ce zauren ya yi kaɗan, direban tifa ya ce get ɗin ba zai ci mota ba, wani da bai taɓa aza bulo a kan bulo ba ya ce ai yanzu an daina yayin baranda. Da safe takardar za ta dawo maka da ɗigon shayi da ra'ayin mutum tara. Shi kuwa mazaunin Legas ko Jidda, saƙon murya yake turowa ƙarfe biyun dare, minti takwas. Bakwai gaisuwa ce da tambayar ya ruwa ya shinkafa, a na ƙarshe ne zai ce a mai da gidan bene.

Amma duk cikinsu babu wanda nake jin daɗinsa kamar Alhaji mai sito.

Ranar farko tare da Hajiya suka zo. Fuloti ƙafa hamsin da ɗari: zaure, falon baƙi, turaka, sashen Hajiya ɗaki uku, kicin, tsakar gida mai yalwa. Kowa ya sa albarka, aka yi addu'a, aka watse. Bayan kwana biyu sai ga Alhaji shi kaɗai da magariba, ya aje babur can nesa da ofis kamar mai gudun bashi. "Injiniya, na ga ɗan fili nan ta kudu. Ka san harkarmu ta shinkafa. A fitar min da sito." Na fitar, ƙafa goma da goma. Mako ya zagayo, ya ce buhuna sun yi yawa bana, a mai da shi sha huɗu da sha huɗu. Na mayar. Sai ya ce a sa taga babba, shinkafa tana son iska. Wannan gaskiya ce, na sa. Sai banɗaki a ciki, "saboda yara masu sauke kaya." Sai ɗan falo a gaba, "inda za a riƙa lissafi." Ranar da ya nemi ɗan kicin da ƙofa ta daban, na aje linzamin kwamfuta na ce, "Alhaji, shinkafar ce za ta riƙa dafa kanta?" Ya ɗaga kai yana nazarin silin ofishina kamar yau ya fara ganinsa. Can ya ce, "Kai dai rubuta sito."

Na rubuta sito. Ban san Hajiya ba ta karatun zane amma tana ƙidaya ƙofofi ba. Ran wata Asabar sai ga ta da ƙanwarta, ta zauna, ta gyara mayafi, ta ɗora yatsa daidai wurin. "Malam Injiniya, wannan siton naku har da wurin wanka?" Na fara in-ina. Ta ɗaga hannu. "Ba sai ka yi ƙarya ba, kai ma ɗan aike ne. Ni ban isa in hana shinkafa shigowa gida ba. Amma duk abin da aka yi wa shinkafa, a yi min irinsa." Daga nan aikin ya tashi daga zane ya koma shari'a. Ɗakinta sha biyu da sha biyu ne, ya zama sha huɗu da sha huɗu. Tagar sito ƙafa biyar ce, tata ma ta zama biyar. Aka auna taku nawa ne daga turaka zuwa kowace ƙofa, aka samu bambancin taku uku, aka sa ni na matsar da bango. Alhaji bai isa ya ce uffan ba, domin shi da bakinsa yake wa'azin adalci a majalisa. Fuloti kuwa ba roba ba ne. Duk ƙafar da aka ƙara wa wani, daga jikin wani aka yanko ta, kuma wanda ba shi da bakin magana shi ake yanka. A zane na tara turakar Alhaji ta koma ƙafa goma da goma, taga ɗaya 'yar mitsitsiya can sama. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Injiniya, wannan ai sito ne." Na ce, "In rubuta?"

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Akwai wanda ba ya tuna masai bai kamata ya fuskanci alƙibla ba sai an binne bututu an zuba kankare, alhali na tambaye shi tun ranar farko. Akwai mai "magini ya ce", wanda ya biya ka kuɗin zane don ya samu abin da zai kai wa birkila ya gyara. Akwai wanda zai zagaya da kai gyara goma sha ɗaya, sannan ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Ka san na farkon nan ya fi kyau." Wannan ba na iya yi masa faɗa sosai, don telana na nan da rai a kasuwa, kuma sau uku na mayar masa da kaftanin sallar bara a kan aljihu, ƙarshe na ce ya mayar da shi yadda yake.

Duk waɗannan nawa ne, in sun kwana biyu ba su zo ba har cigiya nake yi. Mutum ɗaya ne idan ya shigo nake jin raina ya ɓaci tun kafin ya zauna: mai cin harsashi.

Da rani yake sayen fili, a kwari, inda bara waccan shinkafa ake nomawa ko kududdufi ne aka cike da shara, saboda araha. Ɗakunan haya zai jera, shi gidansa na can kan tudu. Ƙasar fadama laka ce, da damina ta kumbura, da rani ta dare, ta ja bango su dare tare. Don haka sai in zana masa harsashi mai zurfi da rodi, in ɗaga daɓe ya haura titi sosai, in rubuta tifa nawa na marmara za a yi ciko da su, in bar wa ruwa hanyarsa ta bayan katanga. Ya karɓi lissafin, ya zaro biro. Ba zai taɓa silin fi-o-fi ba. Ba zai taɓa tayil ɗin gaban gida da get mai ado ba, don su mai neman haya ke gani. Abin da ke cikin ƙasa zai bi yana sokewa: a rage zurfi, a rage rodi, bulo inci tara ya koma inci shida, ciko ya koma rabi. Sannan ya ce a turo katanga ƙafa uku ta hau kan lambatu, "ai filin banza ne."

Ba baƙo ba ne balle a ce bai sani ba. Ya san tun daga Kano ruwan nan yake tasowa, ya san in madatsar Tiga da ta Challawa suka cika suka tumbatsa, mu ne a ƙasa. Ya san kacala ta toshe hanyoyin ruwa har ta wajen Guri da Nguru, ruwa ya zo ya rasa inda zai wuce. Da idonsa ya ga 2020, ya ga 2022, lokacin da samarin garin nan suka kwana suna jera buhunan ƙasa a bakin jinga, mutanen ƙauyukan Auyo da Kirikasamma suka koma kwana a makarantu da gefen titi. Ka tuna masa, ya ce, "Injiniya, ruwa ai na Allah ne." Na Allah ne, kuma shi ya ba mu hankalin ɗaga daɓe. In ka ƙi sa hannu ba ya jayayya. Naɗe takardarka zai yi ya kai wa magini su yi yadda suke so, sunanka na nan a ƙasan shafi.

Na shiga irin gidan nan sau ɗaya a watan Satumba. Wani malamin firamare ke haya a ciki. Matarsa ta ɗora gado a kan bulo huɗu, littattafan yara da buhun gero suna saman kwaba, jaririnta a goye, ita kuma tana kwarfe ruwa da kwanon sha. Bango ya tsage tun daga linta har ƙasa, ina iya zura yatsa. Na ɗaga kai, fi-o-fi na nan fari tas da fitilu masu launi. Maƙwabcin da aka turo wa ruwan lambatu, ginin ƙasa ne da shi, ɗakinsa ɗaya ya riga ya zauna. Mai gidan kuwa ya aiko yaro karɓar kuɗin haya.

Don haka mai neman haya a Haɗeja, in an buɗe maka gida kada ka fara da kallon sama. Ƙirga matakala nawa ka taka daga titi kafin ka shiga. Zagaya baya ka ga inda lambatu ya bi. Duƙa ka dubi gindin bango, in ka ga sabon fenti iya gwiwa, tambayi maƙwabta abin da aka rufe da shi kafin ka biya ko sisi.