Kwamfuta Ba Albasa Ba Ce

Kawuna manomin rani ne a Kura, ruwan Tiga ne ya raine shi, kuma a ganinsa duk abin da ya kafe a wuri albasa ce: a kama a tuge. Ran nan ya same ni a Dawakin Kudu na buɗe wata tsohuwar kwamfuta Pentium 4, ina lallaɓa ƙwaƙwalwarta.

"Kai yaro, matsa. Wannan 'yar abar ce ta gagare ka?"

Na ce, "Kawu, ƙafafunta 478 ne, kowacce siririya kamar allura. Sai an zare wuta, an taɓa ƙarfen akwatin saboda tartsatsin nan na hunturu, an murɗa ƙarfen fankar a hankali, sannan a ɗaga ɗan hannun da ke gefe, ta fito salin alin."

Ya ce to. Na juya in zuba masa shayi, sai na ji ƙas!

Har magariba ina miƙe ƙafafu da reza, shi kuwa yana koya mini yadda ake cire irin shinkafa ba a tsinka saiwa ba. Kwamfutar dai ta tashi, amma yanzu daga bakin ƙofa muke gaisawa da Kawu.