Kanarin Bazazzagi a Trans-Amadi

Bawana Bazazzagi, hoton da ka turo ta WhatsApp ya iso Kano, kuma tun jiya 'yan majalisarmu ke riƙe da ciki. Wai ka hau kwalekwale daga Fatakwal zuwa tsibirin Bonny, ka yi ciniki har da rantsuwa, ka dawo Trans-Amadi da "kanarin tsibiri" a keji. Har ka tara mahauta da 'yan gwari suna yi maka barka.

Malam, marai ka saya.

Dubi kansa baƙi wuluk, dubi idon nan ja kamar gauta. Shi ne mai saƙa sheƙa a ganyen kwakwar manja, su taru su ɗari suna hayaniya kamar 'yan kamasho a tashar Kwangila. Kanarin da muke kiwo bai kai shi girma ba, tsawonsa kamar santimita 12 ne. Ƙeyarsa toka-toka, girarsa rawaya, da ɗan baƙin layi a gefen baki kamar gashin bakin saurayi. Namijin ne mawaƙi, in ya ƙoshi da acca sai ka ce an kunna rediyo. Naka fa? Ka ce kwana uku yana ta "caca-caca", wai baƙunta ce. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, shi ya sa kuka fahimci juna.

In kanarin tsibiri kake nema da gaske, yana São Tomé, can kudu da ku cikin teku. Shi ne mafi girma a dangin kanari, ya kai santimita 20, jikinsa ja-ja ne, bakinsa kauri kamar na aku. Fiye da shekara 100 masana ba su sa shi a ido ba, sai a 1991. Abin da ya ɓace wa Turawa masu tabarau har tsawon ƙarni, shi ne zai tsaya Bazazzagi ya taya?

Sunan kanari ma daga tsibiran Kanari na Sifaniya ya samo asali, su kuwa tsibiran daga kalmar Latin mai nufin kare. Na gode Allah ba ka san haka ba, da ɗan kwikwiyo za ka sa mana a keji.

Ka buɗe wa bawan Allah ƙofa ya koma saƙarsa. Kejin kuwa ka ajiye, in ka zo gida da Sallah ka biyo ta Kano, ubangidanka zai zaɓa maka na gaske. Ka taho da kuɗin tara: kwakwa biyar da galan ɗin manja.