Awa 18 a Sama, Babu Tsayawa Shan Mai

To, masu gardama, ku gyara zama, da ku nake. Da an ce jirgin Singapore Airlines yana tashi daga filin Changi na Singafo bai dire ba sai filin JFK na New York, sai ku karkace hula ku ce, "Haba malam, a dai riƙa ragewa." Babu abin ragewa. Nisan ya haura kilomita 15,300, tafiyar kuma takan ci awa 18 da ɗoriya, wani lokaci ta doshi 19. Alhaji, kai da ka yi wajen awa biyar daga Kano zuwa Jidda, har yau kana ba jikoki labarin kumburin ƙafa, sai ka lissafa wannan zaman kusan sau huɗu.

"To a ina yake shan mai?" Yawwa, dama ita nake jira. Ba ya sha ko'ina. Jirgin samfurin Airbus A350-900ULR ne, cikinsa na ɗaukar lita 165,000, wato tanka biyar cur irin masu lita 33,000 ɗin nan da kuke leƙen ko za su juye a gidan man unguwa. Kujeru 161 kacal aka sa masa, don a rage nauyi. Matuƙa kuwa huɗu ne, biyu na tuƙi biyu na hutawa a wani ɗan ɗakin kwana, don haka mai cewa direba zai yi gyangyaɗi ya nemi wata hujjar.

Sai ɗan boko, wanda ya fi kowa taurin kai. Ya shimfiɗa taswira, ya ja layi da rula, ya ce ga hanya. Ranka ya daɗe, duniya dunƙulalliya ce, takardarka kuwa shimfiɗaɗɗiya. Ɗauko zare ka ɗora a kan ƙwallon duniya, bakinsa ɗaya a Singafo, ɗaya a New York, ka ja shi ya miƙe. Za ka ga ya bi ta can ƙuryar arewa, kusa da ƙanƙara. Kuma ko wannan gajeriyar hanyar ba kullum ake binta ba, domin akwai wata iska mai ƙarfi can sama da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, matuƙa kuwa sun fi son ta turo su ta baya. Shi ya sa sau da yawa a tafiya ake ratsa tekun Fasifik, a dawowa a bi ta Atilantika da Turai. Gabas za shi, gabas zai dawo. Ƙarin kilomita, ragin lokaci. Na ga goshinka ya tattare, sha ruwa.

Agogo ma da nasa wasan. Singafo na gaba da New York da awa 12, lokacin sanyi 13, don haka ka kwashe awa 18 a zaune, ka sauka agogon gari ya nuna shida kawai suka wuce.

Wanda har yanzu bai yarda ba ya yanki tikiti ya gani da idonsa. Sai dai ya tafi da aljihu mai nauyi, domin a cikin kujeru 161 ɗin nan babu ta yaku-bayi ko ɗaya.